Shekarar da Na Sayi Jirgi Mai Rami

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin cewa wani Bature ya cuci ubanku, ya sayar masa da jirgi mai rami a tsakiya, kakanku na wajen uwa ya zo ya rufa masa asiri. Kun ji a bakin maƙwabta a unguwarmu Karantina ta Jidda, kun ba 'ya'yanku, har ƙaramar jikata ta hau cinyata ranar Salla tana tambayata wai ban ga ramin ba ne kafin in saya. Shekara da shekaru ina taya ku dariya ban gyara zancen ba, saboda mutumin da gyaran zai taɓa yana raye, kuma surukina ne. Yanzu ya kwanta dama, Allah ya haskaka kabarinsa, tsaransa duk sun bi shi, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. To ku karanta da kyau. Na ga ramin sarai, kuma saboda shi ma na sayi jirgin.

Sai na fara da Baba, don in ba ku san bayansa ba, ba za ku gane abin da ya kai ni bakin ruwa ba. Ya taso daga Mai Wurno ta Sudan yana saurayi, ya tsallako daga Sawakin a cikin sambuk, babban jirgin katakon nan mai tafiya da iska. Ya sauke farali, guzurin komawa ya ƙare, sai ya ɗauki igiya ya shiga dako a tashar Bunt da ke bakin Balad, tsohon garin Jidda. Buhun shinkafa, buhun siminti, akwatunan alhazai, duk sun bi ta bayansa. Lokacin da na yi wayo ya riga ya ranƙwafa, har idan yana salla ba ka cika bambance tsayuwarsa da ruku'unsa ba. Igiyar dakonsa ta rama ce mai kauri, ta yi baƙi ta yi santsi don gumi, kullum in ya dawo sai ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa kafin ya nemi ruwan sha. Ina ƙaunar Baba fiye da kowa, amma na tsani igiyar nan tun ina yaro, na kuma yi wa kaina alkawari ba za ta hau kafaɗata ba.

Shi ya sa na shiga tallar teku. A wancan zamanin ba a gina ƙatuwar tashar da kuka sani ba. Manyan jiragen tururi ba sa matsowa gaɓa saboda sha'ab, duwatsun murjani da suka yi layi a ƙarƙashin ruwa, sai su jefa anga can waje su jira. Ma'aikatan cikinsu sun gaji da abincin gwangwani, don haka mu masu ƙananan jirage muke kai musu ƙwai, kaji masu rai, lemun tsami, kankana da burodi. Muna da ƙa'ida guda da ake kira haƙƙin tsani: duk wanda ya fara ɗaura igiyarsa a gindin tsanin jirgi, cinikin jirgin nasa ne har ya ɗaga anga. Babu hukumar da ta kafa ta, amma wanda ya karya ta ba zai ƙara samun mai taya shi jan jirgi a gaɓa ba. Sauran kuwa sai su tsaya nesa su jira abin da mai haƙƙi ya ce ba shi da shi.

Ni kullum cikin sauran nake. Abin hawana huri ne, kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume guda, da ɗan ƙyallen iska da ake ce wa shira'i. Iskar Jidda daga arewa take busowa kusan duk shekara, mu kuwa muna kudu, kuma huri ba ya fuskantar iska. In ka matsa masa sai ya zame gefe, dole ka sauke ƙyalle ka kama filafili kana tuƙi har hannu ya sage. Akwai wani Rayyis Hamid, mai sambuk a Bunt, wanda wurin kwanan jirginsa ke dab da ƙofar sha'ab, hanya ɗaya da jirgi mai zurfin ciki zai iya bi ya fita waje. Kafin in iso jiƙe da gumi, yana zaune a kan benen jirgin tururi ana zuba masa shayi. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya hutawa.

"Ahlan ya Is'haƙ," sai ya leƙo ya ce. "Da ka taso 'yan tsaki ne, ko? Ga su sun zama zakaru a hanya."

Ina dariya ne a fuska, amma abin yana ci mini rai, domin a lokacin na auri uwarku Hajara, ga ta da cikin fari, abin da nake kawowa gida kuwa bai taka kara ya karya ba.

Wata Juma'a wani direban lori, Usman mutumin Sudan, ya ce in raka shi Obhur da ƙwaina, yana kai wa Turawa ƙanƙara. A can arewa, inda teku ta shigo cikin ƙasa kamar kogi, khawajoji, wato Turawa, suna da bukkokin hutu da ƙananan jiragen tsere. Na ajiye kwando na tsaya ina kallon manyan mutane masu gemu suna zagaya gangunan da aka ɗaure a ruwa, ba kifi ba kaya, suna ihu. Da fari na ce masu kuɗi da rashin aikin yi. Can sai na lura da abin da ya hana ni motsi: iska na busowa daga bakin teku, su kuma suna nufar bakin tekun. Su karkata dama, su juya hagu, amma kullum gaba suke ci. Da aka jawo ɗaya gaɓa na je na leƙa, na ga wata doguwar tsaga a tsakiyar cikinsa, an kewaye ta da akwatin katako da ya fi ruwa tudu, ga wani allo a ciki da ake saukarwa ƙasa. Allon ne ke riƙe ruwa ya hana jirgin zamewa gefe. Na koma gida ranar ban san ko nawa na sayar da ƙwai ba.

Na yi ta bin Usman Juma'a bayan Juma'a ina nazarinsu kamar mai zaɓen rago. Iri uku ne. Akwai dogo siriri wanda ya fi kowa gudu, mutum na rataya jikinsa a waya ya kwanta bisa ruwa don kada ya kife. Shi na fara so, ƙuruciya ke nan. Amma na ga yana kifewa da an yi tari, babu inda za ka ajiye kwandon ƙwai, kuma allonsa a miƙe yake shiga kamar wuƙa a kube, in ya bugi dutse ko dai ya karye ko ya tsaga jirgin. Akwai na biyu, mai kumburin ciki, an jera katakonsa ɗaya bisa ɗaya, kyakkyawa ƙwarai. Wannan yana da nauyi, ranar Jidda ta buɗe haɗin katakonsa yana shan ruwa, allonsa kuma na ƙarfe ne, gishiri ya fara cin sa, sai da ƙugiya ake ɗaga shi. Na uku shi ne wanda ba kowa ke kallo ba: na falankin katako, faffaɗa, mai shuɗin shira'i da ya koɗe, a tsere yakan zo tsakiya. Amma allonsa a kan ƙusa guda yake juyawa, in ya taɓa ƙasa sai ya koma ciki da kansa. Wata rana na ga mai shi ya ɗaga allon gaba ɗaya ya bi ta kan ruwan da bai kai gwiwa ba. A nan na tuna sha'ab. Wanda zai iya hawa iska da allo a ƙasa, ya tsallake duwatsu da allo a sama, ba ruwansa da ƙofar Rayyis Hamid.

Mai shi wani injiniya ne jan gemu wanda aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu. Larabcinsa bai wuce na cefane ba. Ya fita da ni 'yan lokuta yana nuna allon yana cewa "foƙ", wato sama, "tahat", wato ƙasa, har ya ga hannuna ya faɗa. Bai ɓoye mini komai ba, ya nuna mini inda aka yi faci da inda igiya ta sile. Ku daina zagin mutumin nan, bai cuce ni ko da ƙwayar zarra ba. Abin da ya nema ya yi daidai da abin da hurina zai kawo, don haka na sayar da hurin. Ya kwance ƙusar allon ya zare shi don kada ya lalace a hanya, muka ɗora jirgin a lorin Usman.

Rabin Karantina ya fito kallo. Nan take aka raɗa masa suna Kwanon Khawaja. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya, ya tsaya a gabana.

"Isyaku, ina hurinka?"

"Na sayar, Baba."

"Ka sayar da abin neman abinci ka sayo abin wasa, matarka na da ciki." Ya sake duban jirgin. "Na yi magana da shugaban 'yan dako. Zai riƙe maka gurbi har jiragen alhazai su fara isowa. In ka kama tsani kafin nan, halas, ba ni da ta cewa. In ba ka kama ba, ka san inda igiya take."

Na amsa da to, domin gaskiyarsa ce.

Ladan da zan biya Usman shi ne in raka shi Makka in taya shi sauke kaya, sai na bar jirgin a kife bayan gida na tafi 'yan kwanaki. A nan kakanku na wajen uwa ya shigo. Mu'allim Tanko, wanda har ya rasu bakina bai taɓa furta sunansa ba, yanzu ma hannu ne ya rubuta, shi ne gwanin toshe jiragen katako a duk gaɓar kudu. In ya cusa auduga a haɗin sambuk, sai katakon ya ruɓe audugar ba ta motsa ba. Ya zo gaida 'yarsa, ya ga jirgin mijinta a kife da tsaga mai tsawon hannu a cikinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yaƙi da rami, me kuke so ya yi? Ya ajiye aikin da ake biyansa, ya yanko katakon saj mafi kyau da yake ɓoyo, ya fere shi ya shiga tsagar cif, ya bi da auduga da man kifi, sannan ya shafe cikin jirgin kaf da farar ƙasa da kitse kamar yadda ake wa sambuk. Allon kuwa, da ba wanda ya san na mene ne, uwarku ta ɗora shi a kan gwangwani biyu tana shanya kuɓewa.

Na dawo na tarar da taro a bayan gida, Mu'allim na tsaye yana share hannu.

"Khawaja ya so ya nutsar mini da yaro," yake gaya wa dattawa. "Rami kamar bakin rijiya. Amma ku taɓa ku ji, ko allura ba ta shiga."

Dattawa suna shafawa suna sa albarka. Aka juyo ana kallona. Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Na ji kamar in fashe da kuka.

Ku 'yan yanzu za ku ce me ya hana in yi masa bayani. Ku da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. Ni ko hanya muka haɗa da shi sai in kauce, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ce masa ya yi kuskure, a sana'arsa, bayan unguwa duka ta yaba? In kuma na ɓalle katakon a ɓoye, gobe kowa zai gani, a ce mijin Hajara ya watsa wa surukinsa kyauta a fuska. Na gwammace in nutse.

Haka na jefa shi ruwa a toshe. Iskar arewa ta kama shuɗin ƙyallen, Kwanon Khawaja ya nufi gaba da hanci amma ya tafi gefe kamar ƙaguwa. Ina kallon jiragen tururi suna ƙanƙancewa, ni ina gangarawa kudu, har na tsinci kaina wajen Khumra, inda a lokacin ba komai sai gishiri da raƙuma. Da ƙafa na jawo shi ta bakin ruwa zuwa gida. Na sake gwadawa, na sake, ko zan gano wata dabara, babu. Labari ya kai Bunt, Rayyis Hamid ya aiko a tambaye ni ko Yaman nake kai ƙwai yanzu. Azumi ya wuce, aka fara gyaran rumfunan alhazai a tasha. Ban taɓa jin ƙunci irin na kwanakin nan ba.

Uwarku ce ta gaji da ganin fuskata. Wata safiya ta tsare ni, na gaya mata komai, har da abin da take shanya kuɓewa a kai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta kwashe kuɓewarta ta share allon da gefen zane.

"Kai ba za ka iya gaya masa ba, ni ma ba zan iya ba," ta ce. "Amma idonsa ba surukinsa ba ne. Juma'a mai zuwa ba ka da lafiya."

"Lafiyata lau."

"Na ce ba ka da lafiya. Babana zai kai maka ƙwai Obhur."

Haka aka yi. Na kwanta na lulluɓa, ta je ta marairaice wa mahaifinta cewa ƙwai zai lalace, ya bi Usman yana mita. Abin da ya faru can a bakin Usman na ji. Ya ce Mu'allim ya tsaya bakin ruwa yana tsaki, har dogon siririn nan ya kife a gabansa, allonsa ya fito tsaye daga cikin tsaga, Baturen ya hau kan allon ya taka, jirgin ya miƙe ya ci gaba da hawa iska. Mu'allim ya bar ƙwai a rana, ya bi jiragen da ke gaɓa ɗaya bayan ɗaya yana leƙa cikinsu yana zura hannu. 

Washegari da na dawo daga sallar asuba na ji ƙarar guduma a bayan gida. Na laɓe ban fita ba sai da ta yi shiru. Da na zagaya, katakon saj na jingine a bango, tsagar a buɗe, an goge gefenta ta yi sumul fiye da yadda Bature ya ba ni, an kankare farar ƙasar tas. Mu'allim na tsugune yana ɗaura allon a ƙusarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon aikinsa.

"Na duba katakon nan na ga jirgin bai karɓe shi ba," ya ce. "Na sake masa wata dabara."

"Allah ya ƙara basira, Baba."

"Na kuma ga abin nan mutum biyu yake so. Wa zai riƙe maka allo?"

"Ban samu kowa ba tukuna."

"Ka samu. Amma a cikin ruwa dole ka ba ni umarni, na san kuma bakinka ba zai iya ba. To ka faɗa da Larabci yadda khawajan ke yi. Ba zan ɗauka kai ne ka faɗa ba."

Daga ranar har ya koma ga Allah, ni da shi ba mu ƙara tada maganar ramin ba. Unguwa ta ɗauka wata sabuwar hikimarsa ce, na bar su a haka.

Muka yi ta gwaji a cikin ruwan gaɓa. Mutum ne mai jiki, in ya zauna a gefe ya miƙe ƙafa jirgin sai ya tsaya cak komai ƙarfin iska. Sau da yawa sandar ƙyalle ta kwashe masa rawani, mun kuma kife har a gaban mata masu wanki, ya fito yana tofar da ruwa yana cewa laifin iska ne. Kafin mu gama ƙwarewa sai labari ya zo jirgin alhazai na farko yana hanya. Da yamma Baba ya sauko da igiyarsa daga ƙusa ya miƙa mini, idonsa ya yi ja. Ya riga ya daina fita a shekarar, bayansa ya ƙi. Na karɓa da hannu biyu.

Da gari ya waye na fito da igiyar a hannu zan nufi Bunt, sai na hango hayaƙi a arewa maso yamma. Jirgin kaya ne babba yana neman wurin anga. Mu'allim na bakin ruwa ya riga ya ɗaga shira'i, ya sa kwandon ƙwai da lemun tsami a gaba. Na jefa igiyar Baba cikin jirgin na haye.

Iska ta tashi da ƙarfi ranar. Na ce "tahat", ya sauke allo, Kwanon Khawaja ya kafa hanci a iska ya fara hawa. Dama, hagu, dama, ruwa na watsa mana a fuska. Daga nesa na ga farin ƙyallen Rayyis Hamid ya bar Bunt ya nufi ƙofa, hankali kwance, don bai taɓa samun abokin tsere daga kudu ba. Da muka hau sama da inda jirgin tururi ya tsaya, na juya hanci yamma, kai tsaye kan sha'ab. Ruwa ya sauya daga shuɗi zuwa kore, daga kore zuwa ruwan ƙasa, ina ganin kawunan duwatsu suna wucewa ƙarƙashinmu. Na ce "foƙ", ya ɗaga. Muka zame a kai, cikin jirgin na gogar dutse kaɗan-kaɗan, Mu'allim na karanta duk addu'ar da ya sani. A bakin waje igiyar ruwa na fashewa, wata ta ɗaga mu ta cika mana jirgi har idon sawu, na tabbata mun kife. Kakanku ya jefa dukan jikinsa waje, ƙafa a maƙale, gemu na jan ruwa, jirgin ya miƙe. Ruwa ya koma shuɗi baƙi. Ban ma buɗe baki ba ya mayar da allo ƙasa, ya juyo ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Yalla, ɗana, ga tsani can."

Ma'aikatan jirgin sun jeru a sama suna ihu suna kaɗa hula, sun ɗauka Turawa ne suka zo, sai ga baƙin saurayi da dattijo ba rawani da kwandon ƙwai. Na kai hannu zan ɗauki siririyar igiyar jirgin na ga ruwa ya cukurkuɗa ta da ta ƙyalle. Abin da hannuna ya samu shi ne igiyar Baba. Na zarga ta a gindin tsanin na ƙulla, na ƙara ƙulli. Sai da muka kwashe ruwa, muka sayar da rabin lemun tsamin, aka sauko mana da shayi a guga, sannan sambuk ya iso. Rayyis Hamid ya dubi igiyar, ya dubi sha'ab, ya dube ni. Na ɗaga kofina.

"Ahlan ya Rayyis. Ka tsaya karin kumallo ne a hanya?"

Mutanensa suka tuntsire da dariya, shi ma ya yi. Ya dafa ƙirji ya ce haƙƙina ne, in faɗi abin da ba ni da shi ya cike. Jirgin nan ya daɗe a anga, kuma a sambuk ɗin Rayyis na riƙa ɗauko kajin da nake sayar musu. Daɗin da na ji a ranar ban ƙara jin irinsa ba sai ranar da aka haifi babbanku, kuma tsakaninsu ba nisa. Daga wannan tsani aka samu na biyu da na uku, daga su aka samu jirgi mai inji, daga shi aka samu shagon da ya kai ku makaranta.

Da la'asar na shiga gida da igiyar a kafaɗa, tana ɗigar ruwa. Labari ya riga ni. Baba na zaune a tabarma, ya miƙo hannu na ba shi. Ya murza ta a tafinsa, ya shinshina, ya ɗanɗana da harshe.

"Da ita ka ɗaura?"

"Da ita, Baba."

Ya daɗe yana juya ta. Ya haɗe fuska don kada uwarku ta ga abin da ke ransa.

"Ka ɓata mini igiya," ya ce. "Ta sha gishiri, in ta bushe za ta yi tauri ta yanki kafaɗar mutum. Ba ta da sauran amfani a dako. Kai ta can jirginka ka bar ta."

Sannan ya tashi a ranƙwafe, ya je bayan ƙofa, ya kama ƙusar nan da yatsu yana girgiza ta har ta fita, ya jefar da ita waje.